Tabar Lantarki: Hajar Dattawa a Ƙofar Jami'a

Duk wanda ya taɓa ɗaukar talla yana ƙarami ya san rabin ciniki shi ne sanin inda za ka tsaya. Mai goro majalisar dattawa take nufa, ko bakin tasha wajen direbobi. Mai alawar madara da gullisuwa kuwa ƙofar firamare take tarewa, tana jiran a kaɗa ƙararrawar tara. Babu wanda ya zaunar da su ya karantar da su, ciniki ne ya koya musu. Saboda haka in ka ga yarinya ta sauke faranti a ƙofar firamare, ka tambaye ta, ta ce ai goro ta kawo wa tsofaffi, ba sai ka yi musu da ita ba. Ɗaga murfin farantin kawai.

Da wannan ma'aunin na tallan unguwa nake so mu auna abin da ya faru a jami'o'in Amurka daga 2015 zuwa yau game da tabar lantarki, 'yar na'urar nan mai batir da ke dafa ruwan nikotin ya zama tururi, a zuƙa a fesar. Masu yin ta sun sha rantsuwa cewa don manya suka ƙera ta, wato mutumin da ya yi shekara ashirin da karan sigari a hannu yana neman hanyar rabuwa da shi. Ban ƙaryata su kan abin da na'urar za ta iya yi wa irin wannan mutumin ba, zan ma dawo kan wannan. Maganata a kan inda suka sauke farantin ne.

Jami'ar Michigan tana da wani bincike da take yi duk shekara tun 1975 kan shaye-shayen matasan ƙasar. A 2017, cikin kowane ɗaliban jami'a 100 masu shekara 19 zuwa 22, kimanin 6 ne suka ce sun zuƙi nikotin ta tabar lantarki a kwana 30 da suka gabata. A 2019 sun kai 22. Tsaransu da ba su shiga jami'a ba sun tashi daga 8 zuwa 18 a daidai wannan lokacin. Abin da ya fi ɗaure mini kai a nan ba yawan ba ne, juyewar lamarin ne. Shekara da shekaru an saba ganin ɗan jami'a ya fi tsaransa na waje ƙyamar sigari. Yaran nan an rene su da jin cewa sigari ƙazanta ne, warin baki ne, abin da kakanni suka yi kafin kai ya waye. Sai ga shi cikin shekara biyu kacal su ne a gaba wajen zuƙar nikotin. Wani ya samo ƙofar da ake shiga wajen yaro mai ilimi, mai ganin ya fi ƙarfin a yaudare shi.

Sunan da ya mamaye waɗannan shekarun shi ne Juul. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta, Adam Bowen da James Monsees, waɗanda suka haɗu suna karatun zayyanar kayayyaki a Jami'ar Stanford, kuma dukansu mashaya sigari ne a lokacin. Ta fito kasuwa a watan Yunin 2015. Ba ta yi kama da sigari ta ko'ina ba. Siririya ce, shafaffiya, kamar filash ɗin da ɗalibi ke ajiye aikin makaranta a ciki, kuma a jikin kwamfuta ake yi mata caji. Ɗan ƙoƙon ruwanta ɗaya, bisa faɗin kamfanin da kansa, yana ɗauke da nikotin kwatankwacin kwalin sigari guda. Ƙarfinsa miligiram 59 ne a kowace mililita, alhali dokar Tarayyar Turai ta tsaya a 20. Sannan an haɗa nikotin ɗin da wani sinadari mai tsami da ke kashe kaifinsa a maƙogwaro. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Karan farko da yaro zai sha yakan shaƙe shi, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, kuma da yawa daga nan suke tsayawa. An cire wannan tarin, aka sa ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a da kokwamba a gurbinsa.

Ni a ganina tun daga nan talla ya fara, kafin a buga hoto ko ɗaya. Siffar na'urar da ɗanɗanonta duk kira ne, kuma kowane kira yana da wanda ake nufi da shi.

Da aka zo buga hotunan kuwa sai aka ɗaga murfin farantin gaba ɗaya. Kamfen ɗin farko, mai suna Vaporized, cike yake da samari da 'yan mata masu jini a jika, cikin launuka masu ƙyalli, suna dariya, suna karairaya, na'urar a tsakanin yatsu. An haska su a manyan allunan Times Square da ke New York, an buga su a mujallar Vice wadda matasa ne masu karanta ta, an shirya bukukuwa da kiɗa ana raba na'urar kyauta, an nemi masu tarin mabiya a Instagram. Wani likita a Stanford ɗin dai, Robert Jackler, wanda ya tara dubban tsofaffin tallace-tallacen taba yana nazarinsu, ya fitar da rahoto a farkon 2019 yana cewa tallan watannin farkon nan ƙarara matasa ya fuskanta, kuma salonsa ya yi kama da na kamfanonin sigari na da. A 2020 jihar Massachusetts ta shigar da ƙara, tana zargin kamfanin da sayen gurbin talla a shafukan intanet na yara, da na taimakon aikin gida, da waɗanda ɗalibai masu neman shiga jami'a ke ziyarta. Ina dattijo mai shekara hamsin da ke neman daina sigari zai ci karo da talla a shafin neman gurbin jami'a?

Wannan hanya tsohuwa ce, kuma ya kamata a tuna ta, domin wanda bai san tarihinta ba zai ɗauka sabon abu ne zamanin waya ya kawo. A 1929 wani gwanin farfaganda, Edward Bernays, ya yi wa masu sigarin Lucky Strike aiki. Lokacin abin kunya ne mace ta sha taba a fili. Sai ya shirya wasu 'yan mata su kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon Ista a New York, aka raɗa wa karan suna fitilar 'yanci, aka sanar da 'yan jarida. Washegari jaridu suka ɗauka a matsayin labari, ba a matsayin talla ba. Daga baya, a shekarun 1950, kamfanonin sigari suna biyan ɗalibai su zama wakilansu a cikin jami'a, suna raba wa 'yan'uwansu kyauta, kuma tallansu ne ke cika jaridun ɗalibai har zuwa 1963 da suka janye. Wata takardar cikin gida ta kamfanin R.J. Reynolds ta 1984, wadda shari'a ta tono daga baya, ta faɗi dalilin ba kwana-kwana: matasa masu tasowa su kaɗai ne za su maye gurbin mashayan da ake rasawa. Kasuwar da kwastomominta ke dainawa ko mutuwa dole ta riƙa ɗibar sababbi. Kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2012 ya nuna kusan duk mai shan sigari kullum ya fara ne kafin ya cika shekara 26. Wanda ya wuce wannan gaɓar bai fara ba, da wuya a same shi.

To wa ke zaune a tsakiyar wannan gaɓar in ba ɗan jami'a ba? Yau ya bar gida, idon uwa da uba ya sauka daga kansa. Ya shiga cikin baƙin fuskoki yana neman inda zai raɓa. Ga 'yan kuɗi a aljihu karon farko, ga fargabar jarrabawa, ga daren da ba a barci. Doka ta ce shi babba ne, likitoci kuma suna cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ta a wannan tsakanin. Yaron sakandare yana da masu yi masa ihu, iyaye da malamai da 'yan majalisa. Ɗan jami'a kuwa kowa cewa yake ai ya mallaki hankalinsa.

Amurka ta hana tallan sigari a rediyo da talabijin tun Janairun 1971. A 1998 jihohi 46 suka yi sulhu da manyan kamfanonin taba, aka rufe musu allunan bakin titi da amfani da hotunan zane masu jan yara. Amma duk waɗannan ƙofofin sigari aka rufe wa. Tabar lantarki ba ta ma zo duniya ba a lokacin, sai a 2003 wani mai harhaɗa magunguna a China, Hon Lik, ya ƙera irin wadda ake amfani da ita yanzu, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta sa ta ƙarƙashin ikonta ba sai 2016. A wannan ratar aka dawo da duk tsofaffin dabaru, har da sababbi. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce wadda kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo a 2018: wasu masu sayar da tabar lantarki suna ba da tallafin karatu, daga dala 250 zuwa 5,000, ga ɗalibin da ya rubuta maƙala kan batutuwa irin su amfanin tabar, kuma sanarwar ta shiga shafukan tallafin karatu na wasu manyan jami'o'i. Ka duba wayo. Ɗalibi ne zai zauna da kansa ya yi bincike, ya tsara hujjoji, ya gamsar da kansa. Ko bai ci kuɗin ba, aikin ya gama.

Yanzu ga inda nake ganin yawancin masu magana kan wannan batu ke kuskure. Suna ɗaukar talla a matsayin hoton da kamfani ya biya aka buga, su ƙirga sau nawa ɗalibi ya gan shi. Tallan da ya ci nasara ba ya daɗewa a hannun kamfani. A Nuwamban 2018, da matsi ya yi yawa, Juul ya rufe shafukansa na Facebook da Instagram a Amurka, ya janye ɗanɗanon 'ya'yan itace daga kantuna. Masu binciken Stanford suka bi sawu bayan haka, suka tarar hotunan da ake sawa da sunan na'urar a Instagram ƙaruwa suka yi, ba raguwa ba. Masu sha ne da kansu ke sawa, ba wanda ya biya su. Sunan kamfanin ya riga ya zama kalmar aiki a bakin matasa, kamar yadda mu nan duk garin wanki sunan kamfani guda muke kiransa da shi. An kunna wa jeji wuta, sannan mai ashana ya mayar da ita aljihu ya ce ku shaida, hannuna babu komai.

Shi ya sa in ka tambayi ɗalibi ko talla ne ya sa shi farawa, zai yi maka dariya, kuma da gaskiyarsa. Bai taɓa tsayawa ya karanta allon talla ba. Abokin ɗakinsa ne ya miƙo masa a wani dare, ko ya gani a hannun wata yarinya da ke burge shi, ko a wani ɗan bidiyo na wani yana fesa tururi zobe-zobe. Bai san cewa sarƙar tana da kai ba, kuma a kan nata akwai wanda aka ba kyauta a wani biki shekara uku da suka wuce, don a gan shi da ita. Abin da Bernays ya yi a 1929 ke nan, sai dai yanzu kowane ɗalibi yana da jaridarsa a aljihu. Kuma mai ilimi ya fi sauƙin kamuwa da irin wannan, domin ya yarda da kansa. Wanda ya tabbata babu mai iya ruɗarsa ba ya waiwaye.

Na san abin da za a ce mini. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum mai shekara ashirin ba jariri ba ne, an ba shi ƙuri'a, ana ɗaukarsa soja, don me za a ɗora zaɓinsa a kan mai talla? Akwai kuma ƙorafi na ilimi da bai kamata a raina ba: binciken da ke nuna waɗanda suka fi ganin talla sun fi fara sha ba zai iya raba kaza da ƙwai sarai ba, tunda wanda ransa ya riga ya biya shi ne ya fi lura da tallan, kuma wayarsa ma tana ƙara turo masa abin da ya tsaya kallo. Na yarda da duka biyun har wani mataki. Ɗalibi yana da nasa kason. Amma zaɓin da ake maganar yana da shi a zuƙar farko yake, wataƙila har ta goma. Daga nan sabo ya karɓi ragama, kuma sabo turken wawa ne ko da mai digiri aka ɗaure. Mai talla ba ya bukatar ya rinjaye ka har abada, mako biyu ya ishe shi. Game da ko talla yana aiki kuwa, ni shaidar masu kuɗi na fi ɗauka. A Disamban 2018 kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya biya dala biliyan 12.8 ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul, kamfanin da shekara uku da rabi kacal da fitowar hajarsa. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin darajar kwastoma mai shekara goma sha tara.

Sai batun da na ce zan dawo kansa. Gaskiya ne cewa abin da ya fi kashe mai sigari shi ne hayaƙin ƙonewa da kwaltarsa, kuma tabar lantarki ba ta ƙona ganye. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce a 2015 illarta ta yi ƙasa da ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100. An yi ta jayayya kan adadin, amma har yau Ingila tana amfani da ita wajen taimaka wa masu son dainawa, kuma gwaje-gwaje sun nuna ta fi cingam da filastar nikotin tasiri. Ciwon huhun nan da ya kwantar da mutum fiye da 2,800 a Amurka daga 2019, ya kashe 68, an gano yawancinsa daga ruwan wiwi na bayan fage ne da aka gauraya da wani mai, ba daga kayan nikotin na kanti ba. Adalci ne a faɗi haka. Sai dai duk wannan ribar ta mai sigari ce. Wanda bai taɓa shan komai ba, babu abin da aka rage masa, ƙari aka yi masa. Kuma kamfanin ya nuna da kansa cewa ya san yadda ake yi wa dattijo magana: a farkon 2019 ya fito da sabon kamfen na manyan mutane, a zaune, cikin launi mai sanyi, suna ba da labarin shekarun da suka yi suna shan sigari. Ashe an iya. Me ya hana a fara da haka a 2015?

Abin da ya biyo baya ihu ne bayan hari. A Disamban 2019 aka ɗaga shekarun sayen kayan taba zuwa 21. A 2022 Juul ya amince ya biya dala miliyan 438.5 ga jihohi fiye da 30, a 2023 ya ƙara miliyan 462 ga wasu shida da birnin Washington, duk ba tare da amsa laifi ba. Kafin a gama ƙirga kuɗin kasuwa ta sauya hannu. Dokar 2020 da ta hana ɗanɗano ta shafi masu ƙoƙon da ake sauyawa ne, sai irin waɗanda ake sha a yar suka cika kantuna, Puff Bar da Elf Bar da ire-irensu, yawanci daga birnin Shenzhen na China, masu launi kamar alawa da sunayen kayan zaƙi. Waɗannan ba sa ma wahalar da kansu da allon Times Square, kwalinsu da bidiyon masu sha sun wadatar. A makarantun sakandare an samu sauƙi sosai, masu sha sun ragu daga kashi 27.5 cikin 100 a 2019 zuwa 7.8 a 2024. Amma yaran 2019 ba ɓacewa suka yi ba, girma suka yi, suka shiga jami'a da abinsu a aljihu, kuma a cikin manya 'yan shekara 18 zuwa 24 ne suka fi kowa sha.

Ra'ayina shi ne a raba hajar da kiran. A bar dattijon da ke neman tsira daga sigari ya samu abinsa, a inda zai samu shawara, cikin kwali marar ado, ba sunan alawa, ba biyan mai mabiya, ba kyauta, ba tallafin karatu. Ostareliya ta mayar da sayarwar kantin magani kaɗai tun 2024, Birtaniya ta hana na sha-ka-yar daga Yunin 2025. Ko wanne yana fama da kasuwar bayan fage, ban ɓoye ba, amma mai sayarwa a ɓoye ba ya iya mayar da abu ado. Su kuma jami'o'i, liƙa takardar hani da cin tarar ɗalibi ba zai kai su ko'ina ba. Kamfen ɗin da aka fara a Florida a 1998, wanda ya taimaka wajen rage shan sigari a tsakanin matasa, bai tsaya kan tsoratarwa da hoton baƙin huhu ba. Takardun kamfanonin ya buɗe wa yara, suka ga yadda ake lissafa su kamar awaki a kara. Ɗan shekara ashirin bai cika tsoron ciwon da zai zo yana sittin ba, amma ba ya son a ce an yi wasa da hankalinsa. Wannan girman kan da aka shiga ta cikinsa, shi ne kuma abin da za a iya kamawa a fito da shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan darasin. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1990 suna tuna manyan wasannin kiɗa da sunan sigari a jikin allonsu, kuma dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana irin wannan. Amma dokar ba ta da shinge a cikin waya. Bidiyon da ɗalibi a Texas ya ɗauka a ɗakin kwanansa, shi ɗalibin Zariya ko Maraɗi ke kallo da dare, kuma mun ga yadda shisha ta shigo da ƙamshin tuffa aka ce ai 'ya'yan itace ne kawai.

A watan Yulin 2025, shekara goma bayan bukukuwan rabon kyauta, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba Juul izinin ci gaba da sayarwa a hukumance, bisa hujjar cewa tana iya amfanar manyan da ke son barin sigari. Ɗanɗano biyu aka yarje masa, na taba da na mantol. Mangwaro ba ya ciki.